Ciwon Baya: Yanzu Ana Gashi Ta Wayar Hannu

Daga Wakilinmu na Arewa, Abuja

'Yan'uwa mazauna Kurmi, musamman 'yan dakon kasuwar Mile 12 da 'yan acaɓa da masu gadi, wannan magana taku ce, domin bayanku shi ne jarinku.

In an ce gashi a asibiti, yawancinmu fitilar nan mai zafi ke faɗo mana a rai. Alhali ga ciwon bayan da ya daɗe, babban maganin shi ne motsa jiki bisa ƙa'ida, watau irin miƙewa da lanƙwasawar da likitan gashi ya zaɓa wa mutum. Wannan kuwa ana iya koyar da shi ta waya.

A nan Abuja abin ya samu karɓuwa a 2020, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta hana fita daga 30 ga Maris saboda cutar korona. Majiyyaci ya jingina wayarsa da bango, ya kwanta a tabarma, likita yana kallonsa yana gyara masa. Duk wanda ya taɓa shiga cinkoson hanyar Nyanya da ciwon ƙugu don zuwa Babban Asibitin Ƙasa ya san sauƙin da aka samu.

Ba kuwa shaci-faɗi ba ne. A 2019 masana a Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife sun buga bincike kan masu ciwon baya kashi biyu, wasu na zuwa asibiti, wasu na bin darasi ta waya. Bayan mako 8 sauƙin da suka samu ya zo kusan ɗaya.

Ni dai a ganina wannan ya fi shan Tramadol da sassafe don a iya ɗaukar buhu, abin da ke rufe ciwon kawai, ya bar mutum da jaraba.

Amma fa waya ba ta taɓa jiki. Wanda ya faɗi ko ya yi haɗari, ko ƙafarsa ta fara mutuwa, ko ya kasa riƙe fitsari, ko ciwon ya zo da zazzaɓi da rama, to ya nufi asibiti nan take. Akwai asibitin ƙashi a Igbobi cikin Ikko, akwai a Inugu, ga kuma na Dala a Kano. Kafin ka tura wa wani kuɗi kuwa, tambaye shi lambar rajistarsa ta hukumar likitocin gashi, wadda aka kafa da doka tun 1988.