Ɗaukar Hoton Ƙananan Halittun da Ke Ƙarƙashin Ganye

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa kusa da tururuwa don ya ɗauke ta hoto ya san abin da ke biyo baya: hoton ya fito dishi-dishi, tururuwar kuma ta yi gaba abinta. Wannan fanni na ɗaukar hoto shi ake kira makro, kuma ni a ganina wahalarsa ba ta kuɗin kamara ba ce kamar yadda da yawa daga cikinmu ke zato.

A ƙa'ida, ana cewa hoto ya kai makro idan girman abin a kan sensar kamara ya yi daidai da girmansa na zahiri, wato 1:1. Ƙwaro mai tsawon milimita 5 zai kama milimita 5 a kan sensa. Akwai gilasan da suka zarce haka, irin su Canon MP-E 65mm mai ninka abu har sau biyar, amma wannan ba na aljihun ɗalibi ba ne. Mu namu shi ne ɗan gilashin da ake maƙala wa kamarar waya, ko kuma mai tsohuwar kamara ya samu zoben da ake juya gilashi da shi, gaba ya koma baya.

To ga inda gizo ke saƙar. Duk yadda ka matsa kusa, wurin da zai fito tar a hoton sai ƙara tsukewa yake. A 1:1, da ƙofar haske a f/8 a kan sensa mai milimita 36 da 24, abin da zai fito sarai bai wuce kaurin milimita ɗaya ba. A 2:1 kuwa ko rabin milimita bai kai ba. Ka ga ke nan idon ƙwaro zai fito, bayansa ya narke. Sai ka ce to bari in tsuke ƙofar zuwa f/22. Nan ma da sauran rina a kaba: haske zai ragu ƙwarai, kuma idan rami ya yi ƙanƙanta haske kan bazu wajen ratsa shi, hoton gaba ɗaya ya yi laushi. 'Yan SLT sun san wannan daga darasin fiziks.

Mafita biyu ce. Ta farko filasha, amma kada a haska ta kai tsaye, don jikin ƙwari na ƙyalli. A tare ta da farar takarda ko murfin farar robar abinci, hasken ya yi taushi. Ta biyu ita ce a ɗauki hotuna da yawa, kowanne ana matsawa kaɗan, sannan manhaja irin Helicon Focus ko Zerene Stacker ta tsinci wurin da ya fito a kowanne ta haɗa su hoto ɗaya. Da wannan dabarar Levon Biss ya yi hotunan ƙwarin gidan tarihin halittu na Jami'ar Okusfod da aka baje a 2016, kowane hoto daga ɗauka wajen 8,000. Sai dai nasa matattu ne. Mai rai ba ya jiran kowa, shi ya sa nake cewa a saita kan ido a ɗauka kawai.

Ina ake samun su? Ba sai an je dajin Falgore ba. Da damina, ganyen da ya taru ya ruɓe a ƙarƙashin mangwaro ko darbejiya a bayan hostel ya isa. Akwai gara, ƙadandoniya, gizo-gizo mai tsalle da manyan idanunsa biyu na gaba, da ɗan jan nan mai laushi kamar karammiski da ke fitowa bayan ruwan farko. Wanda na fi so shi ne Collembola. Yawancinsu ba su wuce milimita 3 ba, ƙafa shida gare su, babu fiffike, kuma suna da wani ɗan reshe a lanƙwashe a ƙarƙashin ciki da suke saki ya cilla su sama. Su ne ke cin naman gwari da ruɓaɓɓen ganye, suna taimakawa ya koma taki. Da sassafe aka fi dacewa, kafin rana ta yi zafi su kama zirga-zirga ko su nutse ƙasa.

Don Allah kada a sa hannu ƙarƙashin dutse ko kututture, kunama ma can take kwana. A ɗaga da sanda, idan an gama a mayar yadda aka same shi. Waɗannan halittu danshi ke riƙe da su, idan aka bar su a buɗe cikin rana bushewa suke yi su mutu.