A. R. Rahman: Daga Fiyanon Haya zuwa Ɗakin Kiɗa na Dubai

Ɗan kasuwar Kano da ya sauka a masaukin unguwar Al Muraqqabat, cikin Deira, ba zai rasa jin waƙar Indiya ba, ko a tasi ko a gidan abinci, domin Indiyawa su ne baƙi mafi yawa a Dubai. Kunnensa ya saba da ita tun zamanin silimar Plaza da Orion. Zai iya faɗa maka sunan jarumi da jaruma, amma da wuya ya san wanda ya tsara kiɗan, alhali shi ne ƙashin bayan waƙar.

Cikin masu wannan sana'a, A. R. Rahman ne ya fi kafa ƙafa a birnin. Idan ka hau jirgin ƙasa a tashar Al Rigga ka nufi filin baje kolin Expo 2020, can ne ɗakin ɗaukar sautinsa yake, mai suna Firdaus. A lokacin baje kolin, daga Oktoban 2021 zuwa Maris na 2022, shi ya jagoranci ƙungiyar makaɗa ta Firdaus, wadda mata ne zalla daga ƙasashe daban-daban.

An haife shi a Madras ranar 6 ga Janairu, 1967, da sunan Dileep Kumar. Mahaifinsa, R. K. Shekhar, makaɗin fim ne, ya rasu yaron yana ɗan shekara 9. Gidan ya koma cin abinci da kuɗin hayar kayan kiɗan marigayin, yaron kuma ya shiga yi wa manyan makaɗa kiɗan fiyano don a rufa asiri. Daga nan ya koma kiɗan tallace-tallace, inda daƙiƙoƙi kaɗan ake ba ka ka kama zuciyar mai sauraro. A ganina wannan horon ne ya sa farkon waƙoƙinsa ke da kaifi.

A ƙarshen shekarun 1980 shi da danginsa suka musulunta ta hannun wani shehin Ƙadiriyya. Wannan ya bayyana a aikinsa, musamman "Khwaja Mere Khwaja" ta fim ɗin Jodhaa Akbar na 2008 da "Kun Faya Kun" ta Rockstar na 2011. Duk wanda ya taɓa zama a majalisin bandiri a Kano zai gane yadda amshi ke maimaituwa, kiɗa na hauhawa sannu a hankali har jiki ya ɗauka.

Darakta Mani Ratnam ne ya ba shi fim na farko, Roja, a 1992, da harshen Tamil. Rangeela na 1995 ya buɗe masa ƙofar finafinan Hindi, Dil Se da Taal da Lagaan suka biyo baya. A 2009 ya karɓi Oscar biyu saboda Slumdog Millionaire.

Makaɗan Kannywood ma da fiyano suka tashi, kuma sun ari karin Indiya ba kaɗan ba. Abin da nake so su ara shi ne abin da Rahman ya yi da kuɗinsa: a 2008 ya buɗe makarantar kiɗa ta KM a Chennai, inda ake koyar da kiɗan gargajiyar Indiya da na Turai, har 'ya'yan talakawa suna koyon goge da rubutun sauti.