Gaggawar Gyaran Jiki Kafin Arba'in

A Shinkafi, Zurmi da Ƙauran Namoda ba kasafai ake zancen tiyatar gyaran jiki irin ta Legas da Abuja ba, amma fargabar da ke kai mata can ita ce ke kai mai jego wurin masu kayan mata: kada haihuwa ta rage mata daraja a idon miji. Tun ba a yi arba'in ba an kawo mata ƙwayar ƙiba, man bilicin da matsi.

Da zarar mabiyiya ta fita, sinadaran estrogen da progesterone da suka hau lokacin goyon ciki sukan faɗi cikin 'yan kwanaki. Daga nan ne kuka ba dalili yake fitowa, da zubar gashi bayan wata 2 zuwa 4, da raguwar sha'awa ga mai shayarwa. Mahaifa kan ɗauki kusan mako 6 kafin ta koma, tsokar ciki kuwa watanni, duhun fuska da wuya yawanci da kansa yake washewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na fama da matsalar damuwa bayan haihuwa. Wadda ke cikin wannan hali, duk abin da ta gani a madubi aibi ne, kuma masu talla a WhatsApp sun fi kowa sanin haka.

Za a ce mace sai da gyara, wadda ta yi sake ta ga kishiya. Babu mai hana lalle, dilka da turare. Amma dexamethasone da ake sha don a ciko kumburi yake sa wa, ya kuma jawo hawan jini da ciwon suga, alhali tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka nuna yadda ciwon zuciya ya yi yawa tsakanin masu jegon Arewa. Wasu mayukan bilicin na ɗauke da mercury mai lalata ƙoda, yana kuma bin nono ya kai ga jariri. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin lamarin gaggawa. Likitocin tiyatar gyaran jiki ma sukan ce a jira a yaye. Kishiya kuwa, babu ƙwayar da ta taɓa hana ta zuwa.

Maigida, gorin teɓa ga wadda ta haifa maka ɗa zalunci ne. In baƙin ciki da rashin barci sun wuce mako 2, a kai ta babban asibitin Shinkafi ko na Zurmi.