Na'ura Ba Ta Koyon Hausa Ita Kaɗai

Manomin Kankiya ko ɗalibin Kusada da ya tambayi kwamfuta da Hausa ba zai gamsu ba, sai in an koya mata harshen tukuna. Aikin da malaman kwamfuta na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suka sa gaba ke nan, tare da takwarorinsu na Fotugal da Jamus. A shekarar 2022 suka fitar da NaijaSenti, wato tarin saƙonnin Twitter kimanin 30,000 a kowane ɗaya daga cikin Hausa, Yarbanci da Ibo, da kuma kimanin 14,000 a Turancin Buroka. Masu harsunan ne suka tantance su ɗaya bayan ɗaya, ko yabo ne, ko suka, ko tsaka-tsaki, domin lissafi kaɗai ba ya gane habaici. Ashe dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.