Tsohon Jirgin Su a Arewacin Zamfara: Inda Lalacewa ke Farawa da Yadda Ake Gano Ta

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake kula da tsohon jirgin ruwa na itace a yankin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, inda gulabe ke cika da damina su janye da rani. Ta nuna cewa zafin rani da zaman jirgi a tudu sun fi ruwa yi masa ɓarna, sannan ta bi hanyoyin gano yoyo da ruɓa da matsalolin inji, tare da kalmomin da sana'ar ke amfani da su.

Gabatarwa

Idan aka ambaci su da sarkanci a ƙasar Hausa, hankalin mai nazari kan tafi Argungu da Yawuri, kuma da dalili. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da shekarar 1934, ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2016. Amma arewacin Zamfara ma yana da nasa ruwan. Gulbin Gagare ya ratsa ta Ƙaura Namoda, Bunsuru ya bi ta ƙasar Zurmi inda garin Dauran yake, sannan ruwansu ya gangara zuwa Rima. Jirgi a nan kayan aiki ne. Da shi ake zuba taru, da shi ake fito, ko hito a bakin Bazamfare, lokacin da gulbi ya raba manomi da gonarsa. Jirgi guda kan yi ayyukan biyu, kuma nan ne hatsarin yake, domin jirgin da ya ishi masunta biyu da komarsu ba lallai ya ɗauki mutum ashirin da buhunansu ba. Hatsarin da ya faru a Gummi a watan Satumba na 2024, inda jirgi ya kife da manoma masu zuwa gona, ya isa ya nuna cewa lafiyar jirgi batu ne na rai.

Rani ke Kashe Jirgi

Akwai jirgi iri biyu. Na farko shi ne wanda masassaƙi ya fafe daga gungumen itace guda da gatari da gizago. Na biyu shi ne na katako, wanda kafinta ke harhaɗawa da ƙusa. Itacen da aka fi yabo wajen sassaƙa shi ne maɗaci, saboda ƙarfinsa da jure ruwa. Rimi ya fi sauƙin fafewa da sauƙin ɗauka, sai dai ba ya daɗewa. Manyan itatuwa sun yi ƙaranci, kuma rashin tsaron da ya addabi dazuzzukan Zurmi da Shinkafi fiye da shekara goma ya sa shiga daji neman gungume ya zama sayar da rai. Saboda haka jirgin da a da za a yi itacen wuta da shi, yanzu gyara shi ake yi a sake turawa ruwa.

Mutane da yawa na ɗauka ruwa ne ke ruɓar da jirgi. Shaida mafi ƙarfi a kan kuskuren wannan zato tana Jihar Yobe. A 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a Dufuna ya ci karo da kwale-kwale na itace mai tsawon fiye da mita 8, wanda bincike ya nuna ya kai shekara 8,000. Abin da ya tsare shi shi ne binnewa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa inda iska ba ta shiga. Ƙwayoyin da ke ruɓar da itace suna bukatar laima da iska gaba ɗaya. Itacen da ya nutse sarai ya rasa iska, wanda ya bushe sarai ya rasa laima, duka biyun kan daɗe. Wanda ke tsakani, yau jiƙe gobe bushe, shi ke lalacewa.

To wannan shi ne halin jirgin Gagare da Bunsuru. Yakan yi aiki wata uku zuwa huɗu, sannan gulbi ya koma rairayi. Itace kan kumbura idan ya sha ruwa, ya motse idan ya bushe, kuma motsewar ta fi yawa ta faɗi, ba ta tsawo ba. Shi ya sa tsaga ke bin tsawon jirgi, tana farawa daga goshi ko gindi inda bakin jijiyar itace ke buɗe yana saurin fitar da laima. A jirgin katako kuwa, kowane falanki ya motse sai haɗi ya buɗe, ƙusa ta yi sako-sako a raminta. Iskar hunturu ta fara aikin, zafin bazara ya ƙarasa, gara kuma ta samu nata rabon idan an ajiye jirgin a ƙasa. Jirgin da ke tafkin madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, bai san wannan wahala sosai ba, domin ruwa ba ya ƙare masa.

Maganin ya biyo bayan sanadin. Inda akwai gurbi ko tafki da ke riƙe ruwa har rani, nutsar da jirgi a ciki ya fi komai. Inda babu, sai a kife shi a inuwa bisa duwatsu ko gumagumai don ya rabu da ƙasa, a rufe shi da zana ko kara, a shafe goshi da gindi da kwalta. Rufewa da leda kuskure ne a ganina, domin tana tara gumi a ƙarƙashinta ta haifar da laimar da ake gudu.

Binciken Yoyo da Ruɓa

Kafin gulbi ya kawo, ya kamata a fara jiƙa jirgi na 'yan kwanaki. Ƙananan tsagogi da yawa kan rufe da kansu idan itace ya kumbura. Wanda ya yi gaggawar cusa tsumma da ƙarfi a busasshiyar tsaga, idan itacen ya kumbura tsumman kan zama tamkar tsinke ya ƙara buɗe ta.

Bayan jiƙo sai a ɗora jirgin bisa gumagumai a zuba masa ruwa kaɗan a ciki, a leƙa ta ƙasa a ga inda yake ɗiga. Ba a cika shi, domin an yi shi ne ruwa ya tallafe shi daga waje, nauyin ruwa daga ciki na iya raba shi. Ruɓa kuwa kunne ke fara jin ta. A ƙwanƙwasa jikin jirgi da ƙotar gizago: lafiyayyen itace yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuma muryarsa a dishe take. Inda aka ji shakka sai a soka tsinin wuƙa. Wuraren da suka fi bukatar wannan su ne cikin gindi inda ruwan sama ke kwanciya, da ƙarƙashin mazauni, da kewayen kowace ƙusa mai tsatsa.

Tsagar da ke tafiya ana tsayar da ita da huda ƙaramin rami a daidai ƙarshenta, sannan a toshe da auduga ko tsumma da aka tsoma a narkakkiyar kwalta. Facin kwano da ake bugawa a kai yana da amfani, amma yana da illa babba: ruwa kan maƙale a bayansa, itace ya ruɓe a ɓoye alhali ido na ganin faci lafiya lau. Jirgin da ya tara faci bisa faci ya kamata a ɓamɓare aƙalla ɗaya a duba bayansa kowace shekara. Ruɓaɓɓen wuri ba ya karɓar toshi, sai an yanke shi har a kai ga itace mai rai a saka sabo. Idan ruɓar ta kama ƙasan jirgi tsawon kamu biyu ko uku, fito ya haramta gare shi, ko da zai iya ci gaba da su a bakin gaɓa.

Idan Akwai Inji

Mafi yawan jiragen yankin filafili da gwangwala ke tuƙa su. Inda aka ɗaura inji irin na Yamaha, wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai, galibi kashi 50 da kashi 1, matsalarsa ma ta rani ce. Fetur ɗin da ya kwana watanni a kafireto kan bushe ya bar danƙo ya toshe ƙofofin mai. Injin da ya ƙi tashi a farkon damina, a fara da zubar da tsohon mai, a wanke kafireto, sannan a duba fulogi. Idan ya tashi, ido ya koma kan siririn ruwan da yake fesowa ta baya, wanda ke nuna famfon sanyaya shi na aiki. Ruwan waɗannan gulabe cike yake da rairayi, yana cinye robar famfon. Da zarar feshin ya tsaya a kashe inji, in ba haka ba zai ƙone. Idan kuwa inji na ruri jirgi ba ya gaba, farfela ce ta daki wani abu ta saki, abin da ke yawan faruwa a ruwa marar zurfi. Tsohon jirgin da aka sassaƙa domin filafili ba a yi gindinsa don girgizar inji ba, tilas a ƙarfafa wurin da katako mai kauri.

Wani abin lura ga mai nazarin harshe shi ne yadda kalmomin suka kasu. Na jikin jirgi da kayan su, irin su gizago da filafili da taru da koma, wadda Kabawa ke kira homa, tsofaffi ne a bakin Bahaushe. Na inji kuwa, fulogi da kafireto da farfela, aro ne daga Ingilishi da suka biyo ta garejin makanikai, har ma mai gyaran babur ne ake kai wa injin jirgi a garuruwan da ba su da tasha ta ruwa. Kalmomin rukunin farko suna bakin dattawan masassaƙa da sarakunan ruwa, kuma da yawa daga mazauna ƙauyukan bakin Bunsuru sun yi ƙaura zuwa Zurmi da Ƙaura da Gusau, nesa da gulbin da ya ba kalmomin ma'ana. Mai son tattara su, a garuruwan gudun hijira zai fara neman masu su.