Takin Zamani A Gonar Gero Da Wake: Awo Ya Fi Yawa

Tun zamanin kakanni akwai wata ma'amala tsakanin birnin Kano da ƙauyukan da ke kewaye da shi. A da, da rani manoma kan shigo da jakuna ta Ƙofar Kabuga ko Ƙofar Ruwa ɗauke da itace da kara, su koma da mangala cike da toka da shara da kashin awaki. Lokacin da Bature Heinrich Barth ya zo Kano cikin 1851, ya tarar da gonaki masu faɗi a cikin ganuwa kanta. Da wannan taki na birni ne aka riƙa noman gero da dawa da wake a gona guda, shekara bisa shekara, ba tare da an bar ƙasa ta huta ba.

Takin zamani ya yaɗu sosai ne bayan da gwamnati ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa cikin 1976, ta kuma rage kuɗinsa. Daga nan mutane da yawa suka ɗauka cewa yawan taki shi ne yawan amfani. A gonar da aka haɗa shuka, wannan zato yakan jawo asara.

Dalili kuwa shi ne, gero da wake ba cimarsu ɗaya ba. Gero yana bukatar sinadarin naitirojin daga ƙasa, shi ya sa ganyensa kan yi rawaya idan ya rasa. Wake kuwa yana da waɗansu ƙulle-ƙulle a saiwarsa, inda ƙwayoyin halitta ke jawo masa wannan sinadari daga iska. In aka cika masa yuriya sai ƙulle-ƙullen su yi sanyi, ya yi ta yaɗo da ganye, fure ya ragu. Har wa yau geron kan yi duhu ya tare masa rana. Manomi ya sami harawa, amma buhunan wake sun tafi.

Masanan aikin gona na Samaru sun daɗe suna ba da shawarar kimanin kilo 60 na naitirojin ga kadada ɗaya ta gero, wake kuwa bai wuce kilo 20 ba, shi ma a farkon tsiro. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin, buhun kamfa 15-15-15 kuwa kilo 7 da rabi kacal. Wanda ya san wannan lissafi ba zai sayi abin da ya wuce bukatarsa ba.

Wurin zubawa ma abin lura ne. A sa yuriya a gefen gindin gero, a binne, gama wadda aka watsa bisa ƙasa iska da rana ke cinye rabonta. A raba ta kashi biyu, ɗaya bayan noman firi, ɗaya wajen maimai. Tsarin nan na kunya biyu ta hatsi, huɗu ta wake, wanda tashar IITA ta Kano ta yaɗa, yana sauƙaƙa wannan aiki, domin kowace shuka tana samun nata rabo.

Malaman gona da ɗalibai su ne ya kamata su kai wannan bayani ƙauye. Su kuma tuna wa manomi cewa yuriya ba ta gyara jikin ƙasa. Wannan aikin takin gargajiya ne, irin wanda jakuna suka yi ɗaruruwan shekaru suna fitarwa ta ƙofofin birni.