Ɓawon ƙwai da toka: shin za su iya maye gurbin soda wajen haɗa biodizal?

Man girki da metanol ba sa rikiɗa su zama biodizal haka kawai. Sai an sa musu katalis, wato sinadarin da ke zuga aikin ya yi sauri. Wanda aka saba da shi ita ce soda, irin ta masu sabulu: kimanin giram 3.5 da metanol mililita 200 ga kowace lita ta sabon mai, a ɗumama zuwa digiri 60, a yi ta juyawa kamar awa ɗaya. Giliserin ya kwanta ƙasa, biodizal ya taso sama.

To ina matsalar? Soda narkewa take a cikin haɗin, ba ta dawowa, kuma sai an wanke man da ruwa mai yawa. In kuwa tsohon man suya ne, ruwa da asid ɗin da ke cikinsa sukan haɗu da sodar, ka tashi da sabulu mai kauri.

Shi ya sa masu bincike suka koma kan katalis mai ƙwari wanda za a tace a sake amfani da shi. Ɓawon ƙwai ya fi tashe. Fiye da kashi 90 cikin ɗari nasa kalsiyam kabonet ne. In aka ƙona shi a zafin digiri 800 zuwa 900, sai ya koma kalsiyam oksaid. Tokar ɓawon ayaba ma na aiki saboda fotasiyam ɗin da ke cikinta, dalilin da ya sa ake sabulun gargajiya da toka ke nan.

Amma fa akwai wahala. Wannan hanya na cin metanol fiye da ta soda, tana ɗaukar awa biyu zuwa uku. Garin ɓawon, da zarar ya sha iska, sai ya zuƙi danshi da iskar kabon ya mutu, dole a rufe shi ruf. Wani kalsiyam ɗin kuma yakan zame cikin man, ya je ya toshe matatar inji. Bai ma tsira daga matsalar sabulu ba in man ya tsufa sosai. A ganina, ga mai haɗawa a gida da ba shi da tanda mai riƙe digiri 900, soda ce dai har yanzu ta fi sauƙin sarrafawa.

Ko wanne ka ɗauka, metanol guba ne mai makantarwa, yana shiga ta fata da numfashi, yana kuma kama wuta. A waje ake wannan aiki, da safar hannu da tabarau.